Yadda Za Ki Ɗaura Sari Ki Taka Rawa a Bikin Dangin Miji Alhali Ba Ki Iya Ba

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. In kika bi matakan nan yadda na jero su, na ba ki tabbaci za ki shiga kowane zauren biki da sari, zanen matanmu na Indiya, a jikinki, ki yi rawa har ƙafa ta gaji, ki fito ana nuna ki da baki ana cewa ga wadda ta iya ɗauri. Ba sai kin iya ba. Ni ce shaida.

Sunana Shubhangi, ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a nan Nagpur. Shekara goma sha huɗu na yi a gidan mijina Avinash ana yabon ɗaurina fiye da na kowace mace a dangin, kuma a duk shekarun nan ban taɓa ɗaura sari da hannuna ba. Mahaifiyata ta rasu ina da shekara tara. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya koya mini gyaran fanka da karanta jadawalin jirage, amma yadi shida na siliki ya fi ƙarfinsa. Da aka kawo ni gidan miji, a satin farko kunya ta hana ni faɗa. A sati na biyu kuma lokacin faɗa ya riga ya wuce.

Mataki na 1: Ki zaɓi maƙwabciya kafin ki zaɓi yadi

Masu ƙaramin sani za su ce ki fara da yadi mara nauyi. Kada ki saurare su. Ki fara da maƙwabciya. Ki nemi mai saurin hannu, mai nauyin baki, wadda ba ta haɗa ko kakan kaka da dangin mijinki ba.

Tawa Rukhsana ce, tela, tana zaune a saman benenmu, ina kiran ta Apa, wato yaya. Ranar da aka fara gayyatata suna a dangin, na cusa sarina a leda na hau wurinta.

"Apa, ƙugiyar rigata ce ta cire," na ce mata.

Ta dubi ledar, ta dube ni. "Ƙugiya ce ta kai yadi shida? Shigo ki rufe ƙofa."

Minti bakwai ta gama da ni. Tun daga ranar, duk biki sai in ce wa Avinash zan hau sama a duba mini ƙugiya. Bai taɓa tambayar komai ba. Abin da kawai ya yanke a ransa shi ne Rukhsana ba ta iya ɗinka ƙugiya ba, har ya sha ba ni shawara in canza tela.

Mataki na 2: Duk kuskure ki ba shi sunan gari mai nisa

Ko gwanar gwanaye wata rana madara za ta zubo mata a kan wuta tana tsakiyar ɗaura miki. Haka ta faru da Rukhsana. Na isa biki bakin sarin da ake yafawa a kafaɗa ya murɗe, ya tsaya mini a gwiwar hannu maimakon ya sauka.

Sulabha, yayar mijina, wadda muke kira Tai, ita ta tare ni a ƙofa. Mace ce da idonta ke auna mutum daga ɗankunne zuwa takalmi kafin ta amsa gaisuwa.

"Shubha, wannan kuma wane irin ɗauri ne?"

"Na Shillong ne, Tai," na ce.

Babu wanda ya taɓa zuwa Shillong a dangin. Biki na gaba 'yan mata biyu suka zo da nasu a murɗe.

Ga ƙa'idar: garin ya kai tafiyar kwana biyu a jirgin ƙasa. In zariyar fatarinki ta tsinke, ki ɗauko bel ɗin mijinki ki ɗaure ƙugu ta saman sarin, ki ce haka 'yan rawar Kochi suke yi don yadi kada ya motsa. In miya ta ɗiga miki a ƙirji, ki naɗe bakin yafawa a wuya sau biyu ya rufe wurin, ki ce yayin sanyi ne daga Shimla. Ki faɗa da fuskar mai tausayin wanda bai sani ba. Mutum ya gwammace ya yarda da ke da ya amsa cewa bai taɓa fita ba.

Mataki na 3: Kada ki koya wa kowa

'Yan matan dangi za su biyo ki ɗaki da sarinsu a hannu. Ki taɓa yadin, ki yi ajiyar zuciya, ki ce, "Abin a yatsa yake, baki ba ya iya faɗarsa." Sannan ki tuna kin bar shinkafa a wuta. Ko a gidan wasu kike, akwai shinkafa a wuta, ki je ki tsaya a kanta.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tambayata komai ba, uwar mijina, wadda duk gidan muke kira Aai. Tare muke zaune. A zamaninta ita ke buɗe rawa a kowane biki, har ana cewa masu ganga suna rage kuɗi in suka ji za ta zo. Amma shekara biyu ke nan ta daina fita. Ta ce gwiwa. Ta koma doguwar rigar zaman gida, tana zaune a baranda tana ɓare lemo a hankali. Muka saya mata man shafawa, muka ƙyale ta.

Mataki na 4: Ki hana 'yar maƙwabciyarki haihuwa a lokacin biki

Wannan matakin ni kaina na yi sakaci da shi.

An sa bikin Ketaki, 'yar Sulabha ɗaya tilo, a watan Disamba. Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma za a yi rawar mata, dangin amarya da dangin ango kowa ya nuna abin da ya iya, kuma ni aka ce in ja layinmu. Ketaki ta zo har gida ta durƙusa gaban Aai tana kuka ta zo ko zama ne ta yi. Aai ta shafa kanta ta ce gwiwa.

Ranar Alhamis na haɗu da Rukhsana a matakala tana jan akwati.

"Apa, ina zuwa?"

"Bhopal. Naƙuda ta kama 'yata, saura sati uku amma yaron ya ƙi jira."

"To, yaushe za ki dawo?"

"Bayan arba'in."

"Lahadi fa?"

Ta ajiye akwatin. "Shubha, shekara goma sha huɗu kina tsaye a gabana ina yi. Ina idonki yake?"

"A rufe, Apa. Ke kika ce in daina motsi."

Ranar Asabar ta kira ni ta waya mai hoto, jariri na tsala ihu a kafaɗarta. Tana cewa hagu, ina yin hagu, tana cewa hagunki ba nawa ba. Bayan awa guda na tsaya gaban madubi. Na yi kama da buhun lemo da aka ɗaure za a kai tasha. Rukhsana ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ki sayi fil da yawa," ta kashe wayar.

Mataki na 5: Fil

Ki saya da yawa, kamar yadda aka ce. Ni arba'in na saya, na yi amfani da talatin da ɗaya.

Ranar rawar ki fara da ƙarfe ɗaya na rana, ki kulle ƙofa. Duk inda yadi ya yi niyyar faɗuwa, ki soke shi. Duk inda ya kumbura, ki danna ki soke. In kin gama za ki lura ba kya iya zama, hannun dama ba ya wuce kafaɗa, numfashi kuma sai rabi-rabi. Wannan ba matsala ba ce. Mata da yawa sun yi rayuwa mai kyau a tsaye.

Ina cikin tunanin garin da zan ɗora wa wannan ɗaurin, don ko Shillong ba za ta karɓe shi ba, sai na ji Aai daga ɗakinta.

"Shubha. Zo mana."

Mataki na 6: In gaskiya ta zama dole, ki faɗe ta a taƙaice

Na shiga ina tafiya kamar ƙyauren ƙofa. Ba ta ɗago ba. Tana zaune a bakin gado, kusa da ita ga wani sari shunayya mai bakin zinare a shimfiɗe, irin na yadi tara da ake ɗaurawa kamar wando. Na san shi a hoto kawai. Da shi ta yi rawa a bikin Sulabha.

"Rufe ƙofar," ta ce. Na rufe. "Gwiwata lafiyarta ƙalau."

Ta miƙo hannuwanta biyu ta juya su. Ban taɓa tsayawa na kalle su ba. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, manunin ya karkace gefe, babban yatsa ba ya haɗuwa da sauran.

"Shekara biyu ke nan ba sa kama ninki. Ranar da na gwada na ƙarshe, sau huɗu yana zamewa, na zauna a ƙasa da yadi kewaye da ni kamar yarinya. Ni Indumati, da na ɗaura wa amare fiye da hamsin, in kira wata ta tufatar da ni? Sai na ce gwiwa." Ta shafa bakin zinaren da bayan hannunta. "Amma jikata ɗaya ce mace. Ki ɗaura mini."

A nan, 'yar'uwa, akwai hanyoyi uku. Za ki iya suma, amma fil talatin da ɗaya ba za su bar ki ki faɗi lafiya ba. Za ki iya tuna shinkafa. Ni na buɗe baki da niyyar shinkafa, sai wata magana ta fito.

"Aai, ban iya ba. Ban taɓa iyawa ba. Rukhsana ke ɗaura mini."

Sai a lokacin ta ɗago. Ta kalle ni daga sama zuwa ƙasa, a hankali, ba ta yi dariya ba, wanda har gobe ina gode mata.

"Na sani," ta ce.

"Kun sani?"

"Tun sunan farko. Fil a tsakiyar bayanki, daidai inda hannun mutum ba ya kai. Ko dai maƙwabciya ko aljani."

"Me ya sa ba ku ce komai ba?"

"Yarinya ta zo gidana ba uwa, ta yi dabararta ta rufa wa kanta asiri, ni ce zan tona? Na ce wata rana za ta zo ta ce Aai koya mini. Na ajiye wani yadi mai laushi na koyo a cikin akwati, har asu ya cinye shi." Ta ja numfashi. "Ga shi kuma ina jin daɗin fuskar Sulabha duk ranar da kika ambaci wani gari."

Na so in durƙusa in taɓa ƙafarta, sarin ya hana ni lanƙwasa. Na tsaya a miƙe ina hawaye.

"To kun san ban iya ba, me ya sa kuka kira ni?"

"Yatsu nake nema, ba ilimi ba. Ilimin yana nan," ta nuna bakinta. "Share fuskarki, ƙarfe biyu ta wuce."

Mataki na 7: Ki ba da hannu, ki bar mata baki

Kafin komai ta sa na kwance nawa, don ta ce ba za ta iya kallonsa tana tunani ba. Muka zare fil muka tara a faranti. Talatin muka samu. Na ce saura ɗaya, ta ce zai nemo ni da kansa.

Daga ni sai fatari da 'yar riga na durƙusa gabanta. Ga yadda ake ɗaura na yadi tara, kamar yadda na ji shi daga sama da kaina: ki zagayo da yadin ta baya, ki ƙulle gefe biyu a kan cibiya. Ki ɗauki ɓangare guda ki ninke shi da yatsu, faɗin tafin hannu, ki cusa shi tsakanin ƙafafu ki soke a ƙugu ta baya. Ɗaya ɓangaren ki ninke gaba, ki zagayo da ragowar, ki haye kafaɗa da ita. A takarda layi uku ne. A ɗakin Aai awa ɗaya da kwata ne.

"Wannan ƙulli ne ko gaisuwa? Ja shi."

"Zai matse ku, Aai."

"Na haifi 'ya'ya uku. Ja."

Na ja.

"Ninkin nan, ɗaya faɗin littafi, ɗaya faɗin tikiti. Ke ce malamar lissafi? Allah ya jiƙan yaran makarantar nan. Sake."

Na sake sau biyar. A na huɗu ta ɗora karkataccen yatsanta a kan nawa ta tura shi ciki kaɗan, sai kawai yadin ya kwanta. Ban san yadda zan bayyana miki ba. Abin da na daɗe ina faɗa wa 'yan mata don in kore su, ashe gaskiya ne.

Avinash ya ƙwanƙwasa. "Shubha, uku da rabi fa! Tai ta kira sau shida. Ƙugiyar ce kuma?"

"Je ka tayar da mota," in ji Aai. "Ka share kujerar gaba, ni zan zauna."

Sannan muka ji takunsa yana sauka da gudu.

Da ta tsaya gaban madubi, ta juya hagu, ta juya dama, ta buga ƙafa ɗaya a ƙasa don ta ji ko zai riƙe. Ya riƙe. Ta ce, "Ba laifi," ta goge ido da bakin zinaren.

Nawa kuma minti goma sha biyar suka rage masa. Ta zauna tana ba da umarni ina yi, fil biyu kacal ta yarda. Ya fito a karkace, gaba ya ɗage har ana ganin idon sawuna, ninki biyar maimakon bakwai.

Fil na talatin da ɗaya ya same ni a kujerar baya, daidai lokacin da motar ta faɗa rami.

Mataki na 8: Ki shiga zaure da fuskar wadda ta yi da gangan

Sulabha na tsaye a ƙofar zauren da waya a kunne. Idonta ya fara sauka a kaina, bisa al'ada.

"Shubha, yau kam ɗaurinki ya karkace."

"Ni na ɗaura, Tai."

"To a da can wa yake..." Ba ta ƙarasa ba, don ta hango wadda ke fitowa daga kujerar gaba. Wayar ta zame daga kunnenta. "Aai! Gwiwar fa?"

"Tana gaishe ki. Matsa."

Ketaki na zaune a kan dandamali hannuwanta a ɗage saboda lallen bai bushe ba. Da ta ga kakarta ta diro ta rungume ta da gwiwar hannu, tana kuka tana ƙoƙarin kada ta shafa wa siliki lalle. Aai ta ce mata ta bar kukan, kwalli ya yi tsada.

Dangin ango suka fara. Sun zo daga Pune da rawar da suka yi wata biyu suna koyo, kowa da kaya iri ɗaya, ba wanda ya kuskure taku. Aka tafa musu. Sai aka kira mu.

Na ja layi. Ganga ta ɗauka. Taku goma na farko lafiya lau, har na fara tunanin ashe abin ba wuya. A juyi na farko ninkin gaba ya zare daga ƙuguna gaba ɗaya ya zube a ƙasa. Yadi biyu na siliki kore a gaban mutum ɗari uku, ni kuma a tsakiya ina riƙe da abin da ya rage. Matan bayana suka tsaya. Mai ganga ya rage hannu. Wata daga dangin ango ta ce, "Ayya," da ƙarfin da kowa ya ji.

In haka ta same ki, kada ki gudu, yadin zai biyo ki.

Aai ta taso daga kujerarta. Ba da sauri ba. Ta dubi mai gangar ta ɗaga masa haɓa, ya mayar da hannu. Ta shigo fili tana taku, kafaɗa na motsi, ƙafa na buga ƙasa, shekara saba'in da ɗaya. Da ta iso inda nake ta sa ƙafa ta ɗago yadin ya hau kan hannunta, ta miƙo mini, bakinta bai daina murmushi ga jama'a ba.

"Faɗin tafin hannu," ta ce ta gefen baki. "Ina tare miki. Yi."

Ta juya mini baya ta buɗe hannuwa, ta shiga rawa sosai. Babu wanda ya ƙara kallona. Tsofaffin dangi suka miƙe suna kiran sunanta, Sulabha ta toshe baki da hannu biyu, Avinash ya manta yana riƙe da farantin wani. Ni kuwa a bayanta na ninke bakwai, na cusa a ƙugu, na ja. Ya zauna. Na shiga layi.

Waƙa uku ta yi ba ta zauna ba. A ta uku uwar ango ta cire takalmi ta shigo, ta kasa kaiwa rabi.

Sanarwa

Duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, ba ruwana. In maƙwabciyarki ta dawo daga Bhopal ta yi fushi kin daina hawa sama, ki hau ki sha shayi, ni ban ce ki yanke zumunci ba. In yayar mijinki ta gano gaskiyar garuruwa ta daina yi miki magana na wata guda, ki ɗauke shi hutu.

Ba kuma zan ɗauki alhakin uwar miji da ta farfaɗo ba. A watan jiya kaɗai mun je biki tara, ɗaya daga ciki har muka dawo ban gano ko su waye ba. Yanzu gwiwar ta fara ciwo da gaske. Likita ya hana ta rawa, ta ce ya rubuta mata a takarda, ya rubuta, ta ninke ta sa na soke mata a ƙugu don kada ta ɓata.

Sai abu na ƙarshe, wanda babu wanda ya gargaɗe ni a kansa. In kina ɗaura wa mutum sari kowane sati, hannunki zai san awon ƙugunta fiye da yadda likita ya sani. Bana ƙullin yana cin yadi ƙasa da na bara da faɗin yatsa uku. Aai tana ramewa, ta kuma san na lura. Nakan ƙara ninki ɗaya a gaba in cinye ragowar, ta dubi madubi ta ce na fara iyawa. In kika kai nan, kada ki rubuto mini. Ba ni da mataki a kansa.